Wa Ya Goyi Autar?

A makarantar da take aiki, kowa Yaya yake ce mata, har shugabar da ta girme ta. Sunan ya biyo ta ne daga gida, inda uwarsu ta rasu ta bar mata ƙanne biyar tun ita kanta ba ta gama girma ba. Ta goya, ta yaye, ta yi wanki har suka zama mutane. Yanzu ita ce mai taimaka wa malamar ajin ƙananan yara: share majina, ɗaure takalmi, raba faɗa a kan fensir. Da furfura ta fara leƙo ta, sai ta ce ita ma sai ta riƙe aji nata, ta shiga kwaleji neman takardar malanta.

A zangon ƙarshe aka sa su nazarin tsofaffin tatsuniyoyin duniya, nan fa ranta ya soma ɓaci. Ko daga wace ƙasa aka ɗauko labari, zancen ɗaya ne. Babbar ya ta wuce tsohuwa a bakin rijiya ba ta taimaka mata ba, ta ƙare a wulaƙance. Auta ta tsaya, ta samu zinariya da ɗan sarki. Yaya ta yi ta haɗiye abin har wuyanta ya gaji.

Jarrabawar ƙarshe kuwa, malamin kwalejin zai zo ajinsu ya ji ta ba yara tatsuniyar rijiya yadda take a littafi. In ta ci, takarda ta samu. In ta faɗi, sai baɗi.

Ranar ta fara lafiya lau. Tana kaiwa bakin rijiya a tatsuniyar sai ƙofa ta buɗe, wata yarinyar ajin da kullum take makara ta shigo tana haki. Yaya ta san dalilin makarar: sai ta kai ƙannenta biyu wajen mai raino kafin ta zo. Yarinyar ta raɓe a baya, da jirwayen madara a kafaɗar rigarta.

Yaya ta rufe littafin.

"Babbar ba ta tsaya ba," ta ce, "saboda akwai goyo a bayanta, ga tukunya ta bari a wuta. Autar kuwa hannunta wayam, me zai hana ta tsayawa? To, wa ya goyi autar har ta iya zuwa rijiya?"

Malamin mutumin kirki ne. Ya ja ta gefe ya ce ta maimaita yadda aka rubuta, zai yi kamar bai ji ba. Ta yi masa godiya, ta ce Allah ya sawwaƙe.

Da yamma autan gidansu ya zo ɗaukar ta a motarsa, ya ji labari ya riƙe kai.

"Haba Yaya! Ki faɗa musu abin da suke so mana. Tatsuniya ce fa!"

"Kai, rufe min baki. Da wace tatsuniya ka yi wannan tumbin?"

Takarda dai ba ta samu ba, kuma abin ya yi mata ciwo, sai da ta yi kuka a banɗaki inda ba mai gani. Amma ta sake rajista, ta kuma aika wa malamin cewa baɗi ma haka zai ji.

Washegari yarinyar ta sake makara. Wannan karon ba ta raɓe a baya ba, ta ratsa ajin ta zo ta zauna a gaba.