Injin da Na Bar wa Taubashina

Shekarar da aka cire tallafin man fetur na daina tayar da injin ban ruwana. Ba lalacewa ya yi ba. Ni ne na duba abin da yake sha, na duba abin da albasar take kawowa, na ga ashe mai gidan mai nake yi wa noma. Na wanke shi, na ɗaure bakinsa da leda, na tura shi ƙarƙashin rumbu, na koma wa guga kamar yadda mahaifina ya yi a fadamarmu ta bayan garin Balan. Rijiyar da ya haƙa tana nan, ba ta da zurfi, kuma har lokacin ban taɓa ganin ta ƙafe ba. Na rage fangalin albasa zuwa abin da ƙarfina zai iya shayarwa. Tafin hannuna ya yi kanta, bayana ya riƙe, amma dai gidana bai kwana da yunwa ba.

Fadamar ta kakanmu ce. Da aka raba gado, kason mahaifiyata ya faɗo jikin na kawu, don haka iyaka ɗaya ce tsakanina da ɗan kawun nan, taubashina. Na girme shi da kaɗan, amma tunda ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, tun muna yara bawansa yake ce mini, ni kuma in ce Allah ya haɗa ni da matsiyacin ubangida. Yakan cire mini hula a tsakiyar kasuwar Kademi ya kafa a kansa, ni kuma na sha kama zakaransa in yanka, in aika masa da ƙafafun. Tsakanin taubasai wanda ya yi fushi shi ne abin dariya. Noma kuwa bai dame shi ba. Acaɓa yake yi tsakanin Gaya da Ajingi, kason nasa na fadama sai ciyawa da ɗan alayyafon da matarsa take yayyafawa.

Ranar sunan 'yata ta uku, ana zaune a ƙofar gida an gama cin waina, idon taubashina ya kai ƙarƙashin rumbu. Ya tashi ya jawo injin, ya kinkime shi ya ɗora a bayan babur, yana ɗaurewa da roba yana cewa bawa da abin hannunsa ai duk na ubangida ne. Jama'a suka sa dariya, har da liman da mai unguwa. Ni kuma don kada a ce an ci ni da baki, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ɗauki, na bar maka duniya da lahira. Ran da ka samu man da za ka ba shi, ka zo ka ba ni labari."

Aka ƙara shewa, aka ce na rama. Ni ma a lokacin gani nake na ɗora masa kaya, ko ba jima ko ba daɗe zai gaji da tuntuɓe da shi a soro ya dawo mini da abina, kamar yadda hula takan dawo.

Bayan damina ta ɗauke labari ya zo cewa za a raba wa manoman rani injin mai aiki da hasken rana. Aka tara mu a gindin tsamiyar bakin fadama, malamin gona ya yi mana bayani. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Ya ce injinan ba su da yawa, kuma abin da masu shirin suke so shi ne a rage hayaƙin fetur, saboda haka sharaɗi ɗaya ne: ka kawo tsohon injinka mai tashi, a karɓe shi, a ba ka na sola. Na ce to ni fa, da na daina ƙona mai tun kafin su yi tunanin hanawa? Ya ce ya fahimce ni, amma wanda yake ban ruwa da guga ba shi da hayaƙin da za a rage. Wato da na ci gaba da turnuƙe fadamar, da ni ne a sahun gaba.

Ban damu sosai ba, tunda ina da inji. Daga wurin taron na wuce gidan taubashina, na tarar da soro wayam. Matarsa ta ce ai tun da safe ya ɗaure shi a babur ya kai Gaya. Na je wa mai unguwa da maganar, na ce wasa ne aka yi, kowa ya san wasa ne. Ya yi dariya har rawaninsa na karkacewa, ya ce da kunnensa ya ji na ce duniya da lahira, kuma shi tunda yake bai taɓa jin an yi wa taubasai shari'a ba. Duk wanda na kai wa kukana sai ya fara murmushi tun kafin in ƙarasa.

Aka zo aka kafa wa taubashina farantan sola a kan ƙarafa, aka buga masa bututu mai zurfi dab da iyakarmu. Ba zan ɓoye ba, ƙyashi ya kama ni. Da hantsi ina sunkuye a bakin rijiya ina jan guga, shi kuma zai zo a babur, ya danna wani abu, ruwa ya kama bulbulowa ba ƙara ba hayaƙi, ya samu inuwa ya zauna yana latsa waya. Mutumin da bai san bambancin irin albasa da na karas ba, sai ga gonarsa ta yi kore shar har bakin hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na kama kaina ina duban gabas ina fatan hadari a tsakiyar rani. In na ga awaki sun nufi wajen farantan ba na kora, amma ko akuya ɗaya ba ta taɓa yi mini alfarmar hawa ba.

Uwargidana ta ce in yi hankali, hassada ga mai rabo taki ce. Na ce ai gonarsa ba takin da take nema, injina ya ishe ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da ba ni da amsarta: ranar sunan nan, ya riga ya ji ƙishin-ƙishin ɗin rabon injinan? Ɗan acaɓa ne, kullum yana ɗaukar ma'aikatan ƙaramar hukuma, kuma mutum a bayan babur ba ya riƙe bakinsa. Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce bawa ba ya tuhumar ubangidansa, ya ja babur ya bar ni da dariyar mutane. Har yau ban sani ba.

Sai rijiyata ta fara ja da baya. A zamanin fetur kowa da tsoron aljihunsa yake ban ruwa, fangali na cika a kashe inji. Rana kuwa ba a saye, don haka waɗanda suka samu sola sukan bar shi yana zuba tun hantsi har la'asar, ruwa ya cika gona ya malala kan hanya. Nawa taubashin har babur yake wankewa a wurin. Bututunsa ya fi rijiyata zurfi nesa ba kusa ba, kuma ruwan ƙasa bai san iyakar gado ba. Da safe in samu rabin guga, kafin azahar sai taɓo. Na ƙara igiya, na shiga na yashe, yashi ya rufto ya mayar da aikina baya. Na gaya wa malamin gona, ya zo ya leƙa, ya ce gaskiya ba wanda ya kawo wannan a lissafi, zai kai maganar gaba. Albasata kuwa lokacin ta fara sa kai, lokacin da ba ta haƙuri da ƙishi. Bakin ganyen ya soma yin fari yana kwantawa, kuma ita ce abincin gidana har faɗuwar ruwa.

Na san in na roƙi taubashina ruwa zai ba ni. Na kuma san me zai ce, a gaban wa zai faɗa, da yadda za a yi ta maimaitawa a majalisa. Na gwammace in yi ta kwasar taɓo.

Wata rana bayan azahar ina zaune a bakin rijiya, guga a gefe, na ji ana jan abu a cikin ciyawa. Shi ne, ya saɓo tiyo a kafaɗa ya tsallako iyaka. Na miƙe na gyara tsayuwa. Na daɗe da tanadar masa amsoshi, wata ma har na gwada ta a kan uwargida ta yi dariya. Jira kawai nake ya ce bawa ya zo ya sha ruwan ubangidansa, in sauke masa.

Ya tsaya ya dubi albasar, ya leƙa rijiyar. Sannan ya ajiye bakin tiyon a fangalin farko, ya gyara shi da ƙafa don kada ruwan ya tone shukar.

"Yaya, ga ruwa. Kullum in na gama zan jawo maka. Ka yi haƙuri."

Tunda aka haife shi bai taɓa ce mini Yaya ba. Na tsaya ina kallon ruwan ƙarƙashin gonar mahaifiyata yana fitowa ta bututun wani, ana ba ni shi sadaka, amsoshina duk suna bakina ba inda zan sa su. Na ce na gode, kalmar da ni ma ban taɓa gaya masa ba.

Albasar ta tashi, na sayar, mun ci. Har yanzu yana jawo mini tiyon, ni kuma har yanzu in na ga farantan nan suna walƙiya sai na kau da kai. Ranar kasuwar Kademi da ta wuce na sa sabuwar hula, na bi ta gabansa a tashar 'yan acaɓa, na rage tafiya, har na ɗan karkato masa da kai. Ya sauko daga kan babur, ya rusuna, ya tambaye ni ya jikin Gwaggo, wato mahaifiyata.