Cikin da Babu Ɗa a Cikinsa

Shekara guda ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar ina na shige, ga amsarku.

Bara na samu ciki, na farko bayan shekara shida da aure. Wata uku kacal, amma ya kai girman na wata biyar. Matan layin doya a kasuwarmu suka yanke hukunci cewa 'yan biyu ne, ni kuma na yarda don daɗin ji.

Sai jini ya ɓalle, haɗe da wasu ƙulle-ƙulle kamar ƙwan kifi.

Aka yi mini hoto a asibiti. Likitar ta ce, "'Yar'uwa, ki yi haƙuri, babu jariri a nan."

Ta ce ɗa sai da gado biyu, na uwa da na uba. A wani wuri na uba ke aiki, na uwa a rufe, a wani wurin kuma akasin haka. Na uba ke tura mabiyiya ta girma, na uwa ke taka mata birki. Ƙwan nawa fanko ya zo, gadon mijina ya ninka kansa. Mabiyiya ce kawai ke ta tsiro ba mai tsawata mata.

Ashe abin da nake ɗauke da shi babu ko ɗigona a ciki. Wannan ya fi wankin cikin da aka yi mini ciwo.

Aka ce in riƙa zuwa gwajin jini sai an sallame ni. Sau biyu na je. Kakar doya ta zo, jiki ya yi ƙwari, na watsar.

Bayan wata biyu amai ya dawo. Na sayi abin gwajin fitsari a kemis, ya nuna ciki. Na yi kukan murna, na ƙi komawa asibiti don kar a yi mini faɗa.

Ranar da na yi tari na ga jini a gyalena, mijina ya ce, "Tashi. Ba shawara nake ba ki ba."

Ba ciki ba ne. Ragowar mabiyiyar ce ta zama ciwon daji, har ta kai huhu, ita ke ruɗin gwajin.

Wata biyar ana ɗura mini magani ta jijiya. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, ko kunu sai da hawaye. Matar gadon kusa da ni, mai irin ciwona, a lulluɓe aka fitar da ita. Na ji tsoro ƙwarai.

Yau jinina ya fito tas. Alhamdulillahi. Allah ya saka da alheri ga likitata da nas-nas, da mijina da ya bar gonarsa ta Kwandere ciyawa ta cinye.

Mata, in aka wanke muku irin wannan cikin, kar ku tsallake gwajin jini ko guda, kuma kar ku yarda da na kemis. Ni wata uku na yi ina lallaɓa abin da ke cin huhuna. Har suna na zaɓa masa.