Lakar da na tauna a gonar Gwaggo

Warin kashin shanu da aka dama da ruwa shi ya fara tarbata, tun kafin in hango gonar. Mai babur ɗin da ya ɗauko ni daga Argungu ya sauke ni a bakin hanya, na bi ta gonakin shinkafar da aka gama yanka, jakata a kafaɗa, kiret ɗin ƙwai a hannu, babu ƙwai ko ɗaya a ciki. Masu haƙar rijiyar bututu sukan zuba kashin shanu a ramin ruwan da suke aiki da shi, don ruwan ya yi kauri ya riƙe bangon rijiya kada ya rufta. Wata uku ina bin su, har na daina toshe hanci.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun ƙasa da duwatsu. Aikin da aka ba ni shi ne in rubuta yadda ƙasar fadamar Rima take jere daga sama zuwa ƙasa, tsakanin Birnin Kebbi da Augie: ina yashi yake, ina laka take, ina ruwa yake kwance. Ba ni da injin haƙa, don haka duk inda na ji za a yi rijiya, a Ambursa ko a bayan unguwarmu Gwadangaji, sai in je in tsuguna a bakin ramin. Duk bututu ɗaya da ya shige ƙasa, in kamfato abin da ruwa ya fito da shi in zuba a gurbin ƙwai ɗaya. In an gama, sai in ga ƙasar da muke takawa kullum ta kwanta a gabana layi-layi, ja da fari da toka. Nakan daɗe ina kallonta. Kowane yashi a nan wani kogi ne ya ajiye shi ya wuce, kowace laka wani tafki ne da ya kwana ya bushe tun babu wanda zai sa masa suna.

Rijiyar ranar kuwa ta gida ce. Gwaggo yayar babana ce, ita ke riƙe da gonar albasa a Augie tun rasuwar mijinta. Tsohuwar rijiyarta gajera ce, a yashin sama ta tsaya. Kowace shekara, daidai lokacin da zafi ya shigo albasa ta fara yin kai, sai ruwa ya ja baya, injin ban ruwa ya riƙa zuƙo iska yana tari. Shekarar da ta wuce ta kwashe albasa ƙanana kamar ƙwan zabo. Daga baya ma rijiyar ta cike da yashi ta mutu. Ga shi irin bana ya isa dashe, har ya fara wucewa, ya yi cunkus a fangali yana jiran ruwa.

Shugaban masu haƙar dattijo ne siriri mai farin gemu, kowa Baba yake ce masa. Mutanensa uku ne ke riƙe da mariƙin ƙarfe suna juya bututu, wani injin ban ruwa yana tura ruwa ta cikinsa, ruwan ya dawo ta gefen ramin ɗauke da abin da aka haƙo. Shi Baba tafin hannunsa kawai yake ɗorawa a jikin bututun, yana sauraro. In ya huta sai ya ciro goro da wani murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa, ya goga goron a kai, ya zuba garin a baki.

Da ya gan ni ya ce, "Malama mai ƙwai ta iso. Yau nawa kaji sunka yi?"

Na ce, "Baba, sai abin da kunka ba ni."

Ya yi dariya bakinsa a rufe, kafaɗunsa kawai ke motsi.

Da bututu goma sha biyu suka zo. Na ɗaya da na biyu ƙasar noma ce baƙa. Na uku da na huɗu yashi ne lallausa, shi ne wanda tsohuwar rijiyar Gwaggo take sha. Daga na biyar sai laka mai ruwan toka, mai danƙo, tana fitowa a nannaɗe kamar an kankare sabulu. Aiki ya koma tafiyar wahala. Mutanen suna juyawa, gumi yana ɗiga, bututu yana shiga da ƙyar. Gwaggo ta kawo fura, aka sha, aka yi azahar, aka koma. Na shida, na bakwai, har na goma, laka ce dai.

Da na goma ya ƙare Baba ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya kira Gwaggo daga inuwar bukka.

Ya ce, "Hajiya, wagga laka ba ta da ranar ƙarewa. Biyu sunka rage mani. In na sa su, rana ta tahi, kuma in munka kwana ba mu zura bututun roba ba, rami ruftawa zai yi. Gobe Ambursa muke, an daɗe ana jiranmu. Mu janye yanzu, mu sa maki roba ga yashin sama, ki samu na dashe."

Gwaggo ta ce, "Yashin da ya ba ni ƙwan zabo bara?"

"Shi dai. Ya hi babu."

Gaskiya ya faɗa. In aka janye a lokacin, Gwaggo za ta yi dashe, amma ruwa zai gudu ya bar ta a watan zafi kamar kullum. In aka ci gaba aka rasa, ba ta da rijiya ko kaɗan, irin kuma ya tsufa a fangali. Ta tsaya tana kallon fangalin, tana murza bakin mayafinta.

Ni kuwa akwai abin da na lura da shi a rijiyoyin da na bi a baya. A wasunsu, ƙarƙashin irin wannan laka akwai wani yashi mai manyan ƙwayoyi, ruwansa ba ya ja da baya da rani. Kuma lakar ba ta ƙarewa kwatsam. In ta kusa ƙarewa takan fara gauraya da wani yashi ƙanƙane wanda ido ba ya gani, yatsa ma ba ya ji. Malaminmu ya taɓa nuna mana yadda ake gane shi wata rana da muka fita duba ƙasa: ya gutsiri laka ya sa tsakanin haƙoransa na gaba. Ya ce ƙwayar da ta fi ƙarfin yatsa ba ta fi ƙarfin haƙori ba. 'Yan ajinmu suka yi ta dariya. Ni na gwada daga baya, a ɗakina, ƙofa a rufe. Ban taɓa yi a gaban kowa ba.

Na jawo kiret ɗin. Na ɗauki dunƙulen laka daga gurbi na bakwai, na ɗauraye shi da ruwan gorata, na ɓare shi biyu, na gutsiro daga tsakiya inda ruwan ramin bai taɓa ba. Na sa a haƙori. Sumul, kamar man shanu. Na tofar, na kuskure baki, na ɗauki na tara. Kusan haka, sai dai wani ɗan abu can nesa. Sannan na goma.

Ya yi ƙaras a bakina. Sautin ƙarami ne ƙwarai, amma har cikin kunnena na ji shi.

Sai a lokacin na lura injin kaɗai ke magana a gonar. Gwaggo ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Ɗiyata, mi nike gani? Da kin ce yunwa kike ji, ai ga sauran hura nan. Ubanki ya kai ki makaranta shekara da shekaru don ki koyo cin ƙasa? Da kashin shanu ciki?"

Ɗaya daga cikin masu juya bututun ya ce, "Hajiya, bar ta. Wata ƙila can jami'a da miya suke ci."

Suka kwashe da dariya. Ban kula su ba. Na san abin da na ji.

Na ce, "Baba, lakar ta fara ƙarewa. Akwai yashi cikin na goma. Babu shi cikin na bakwai."

Baba bai yi dariya ba. Ya tsuguna kusa da kiret ɗin, ya ɗauki na goma ya murza a yatsa, ya daɗe yana murzawa. Sannan ya dube ni.

Ya ce, "Yaya kinka ji shi? Kamar gari, ko kamar tsaki?"

"Kamar garin gero da ba a tankaɗe ba."

"Na tara fa?"

"Kaɗan. Sai an saurara."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙe ya duba rana, ya duba bututu biyun da ke kwance a ciyawa. Ya ce, "Hajiya, gona taki ta. Ni dai hannuna bai gaya mani komai ba."

Gwaggo ta juyo gare ni, wasa ya bar fuskarta. "Kin ga ruwa?"

Na ce, "Ban ga ruwa ba, Gwaggo. Abin da na sani shi ne lakar tana sauyawa, kuma inda duk na ga ta sauya haka, yashi na kusa. Ko biyu za su kai, Allah ya sani. In ni ce, zan sa su."

Ta sake duban fangalin. Can ta ce, "To, tunda har kin ci kashin shanu saboda ni. Baba, a sa."

Aka ɗaura na sha ɗaya. Na koma bakin ramin na tsuguna, na sa hannu a ruwan da ke dawowa. Laka. Aka juya, aka juya. Laka. Inuwar bukka ta miƙe har ta taɓa fangalin irin. Wasu belbelu suka sauka a gonar shinkafar maƙwabta suna bin shanu, na riƙa ƙirga su don kada in dubi Gwaggo. Rabin bututun ya shige, ba abin da ya canza a ido. Na sake gutsira na tauna, a gaban kowa, ban ma juya baya ba. Wannan karon sai da haƙorana suka yi tsami don yawan yashi. Mai zancen miya ya dube ni, na ce masa, "Juya dai." Ya juya.

Baba ne ya fara sani. Tafinsa yana jikin bututun, sai na ga ya runtse ido. Ƙarar ta sauya, daga gurnani ta koma wani kaɗe-kaɗe kamar ana rairayar tsakuwa a ƙwarya. Bututun da ake roƙo ya shiga ya fara sauka da kansa. Ruwan ramin ya ragu, ƙasa tana shanye shi. Na buɗe hannuna a cikin ruwan, ya cika da yashi fari, ƙwayoyinsa manya, wasu suna ƙyalli.

Na miƙa wa Gwaggo. Ta murza a tafinta yadda take duba shinkafa in an kawo daga inji. Ta ce, "Wanga kam tsaki na."

Na sha biyu gaba ɗayansa cikin yashin nan ya tafi. Suka zare ƙarafunan da sauri, suka zura bututun roba mai tsage-tsage a gindi, suka ɗaura injin. Ruwa ya fara zuwa baƙi, ya koma ruwan toka, ya koma fari kamar tsinkakken koko, sannan ya washe. Da aka kashe injin na leƙa, ruwan ya hauro da kansa har ina ganin fuskata ƙarama a ciki. Lakar da ta wahalar da mu ita ce murfin da ya danne shi. Ana kiran magariba a gari lokacin da suke ɗaure kayansu.

Baba ya zo wucewa ta gabana, ya ce, "Malama, ki kula da haƙoranki." Na ɗauka tsokana ce, na yi dariya.

Washegari da sanyin safe aka fara dashe. Na kwana biyu ina taya masu dashen, ƙafafuna cikin taɓo, Gwaggo tana ba duk wanda ya zo labarin ɗiyar ƙanenta mai cin ƙasa, kullum lakar tana ƙara yawa a labarin. A shekarar injin bai yi tari ba har aka cire albasa. Ta aiko mana da buhu Gwadangaji, na ɗauki guda na ajiye a kan teburina har ta tsira. A rubutun da na miƙa a makaranta, rijiyar Gwaggo layi biyu ce kawai a cikin jadawali. Amma a raina na riƙe ta a matsayin ranar da na kai wa fadama wani abu daga aji wanda ba ta da shi.

Shekaru sun shuɗe, na fara aiki, na je duba wata rijiya a Ambursa. Shugaban masu haƙar sai ya zama mai zancen miyan nan, ya yi ƙiba, yana da nasa mutanen. Baba ya rasu, in ji shi. Muna cikin gaisawa ya sunkuya ya ɗauki laka, ya ɓare, ya sa a haƙori.

Na ce, "Ashe kun samo miyar."

Ya yi murmushi ya tofar. Ya ce ai washegarin rijiyar Gwaggo, a hanyar Ambursa, Baba ya zaunar da su ya koya musu. Tun yana saurayi da haƙori yake karanta laka, haka ya gada a wurin wanda ya koya masa haƙa. Ya daina ne lokacin da haƙoransa suka zube, shekaru kafin su fara aiki da shi, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba sai ranar.