Takalman Mamana

Ƙanena mai gyaran takalmi ne, kuma tun yana yaro ba ya kallon mutane a fuska. Ƙafa yake kallo. Ka ba shi takalminka ya juya ƙasansa, zai gaya maka ko kana jan ƙafa, ko kai mai gaggawa ne. Ni ya ce ina taka ƙasa kamar mun yi faɗa da ita, kuma bai yi ƙarya ba.

'Yarsa bakwaini ce. Wata biyu ta yi a kwalba, da wayoyi ko'ina a jikinta. Sunan Inna, mahaifiyarmu, aka sa mata, shi ya sa yake kiranta Mamana. Da aka sallame su, likita ya ce ƙwaƙwalwarta ta samu rauni, jikinta ba zai riƙa bin umarninta ba. Ta roba ake ba ta abinci, ga farfaɗiya, ga majinar da sai an zuƙe da inji. Matarsa ta bar koyarwa ta koma jinya. Kowane mako suna layin gashin ƙashi, da fata guda: yarinyar nan ta taka ƙasa, ko da sau ɗaya ne.

Shi kuwa abin da ya iya shi ya yi. Duk wata shida sai ya auna ƙafarta da zare, ya ɗinka mata sabon takalmi. Na ce, "Kai dai ba ka gajiya da wahalar banza." Ya ce, "Yaya, ƙafa ai tana girma."

Wata rana a bencin asibiti wata mata ta ɗaga ƙafar yarinyar, ta ce, "Ikon Allah, takalmi ba ya tsufa!" Ba da mugunta ta faɗa ba, amma matarsa ta yi kuka har gida. Tun daga nan, in ya gama ɗinki sai ya sa samfefa ya cinye gefen dunduniyar. Ni kaɗai na sani, don na taɓa kama shi a rumfarsa.

Tana shekara shida aka kawo sabuwar likita. Da ni aka je. Kafin ta buɗe fayil ta cire wa yarinyar takalmi, ta juya shi, fuskarta ta washe.

"Ashe tana takawa! Tun yaushe?"

Matarsa ta juyo ta dube shi. Na ga abin da ya tashi a idonta: ko yana tsayar da ita a rumfa ne, ba ta sani ba? Wallahi da zan iya yin ƙarya a lokacin, da na yi.

Ya sunkuyar da kai. "Ni na goge, likita. Ba ta taɓa ba."

Likitar ta ajiye takalmin a hankali. Ta lanƙwasa gwiwar yarinyar, ta miƙe ta, ta daɗe tana rubutu, sannan ta ce lokaci ya yi da za a auna ta a yi mata keken guragu.

A bakin ƙofa ya durƙusa yana mayar mata da takalmin, tana yi masa dariyar nan tata mai yawu. Na karɓi ɗayan na duba. Gefen waje ya cinye, na hagu ya fi na dama.

Na ce, "Wannan ai tafiyar Inna ce."

Ya ce, "Ita na zaɓar mata, Yaya."