Gadalin Malamin Gona

Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. In na ajiye goro biyar na dawo na tarar da huɗu, sai na binciko wanda ya bi ta wurin. Matata kan ce da ni aka ba tsaron rumbu, da ko tururuwa sai ta faɗi sunan ubanta kafin ta wuce. Wannan halin ne ya shiga tsakanina da maƙwabcina, aminina na shekara talatin, a kan abin da bai fi kan albasa girma ba.

Ni malamin gona ne. Gidana yana Sabon Birni, aikina yana Isa, kowace Litinin in hau babur in tafi, in dawo ranar Alhamis. Akwai wani Bafulatani na wajen Turba da ke kai shanunsa kudu da rani, wanda na taɓa taimaka wa da maganin tsutsar gero. Wata shekara da ya dawo sai ya kawo mini tsaraba ƙunshe cikin tsumma: saiwoyi shida a jere, manne da juna kamar citta. Ya ce a bakin wani rafi ya gan ta tana fure, shanu ba sa taɓa ta, sai ya tuna da ni. Ina gani na gane ta. An nuna mana irinta a makarantar koyon aikin gona, Turawa suna ce mata okid, amma wadda ke tsirowa a ƙasa, ba mai manne wa itace ba. Sunanta na Hausa kuwa har yau ban sani ba.

Ta ba ni wahala ƙwarai. Shekarar farko na yi mata irin gatan da ake yi wa tumatir, ruwa safe da yamma, saiwa biyu suka ruɓe. Daga nan na koyi halinta. Na huda gindin wata tsohuwar tukunya, na zuba yashin gulbi, da ruɓaɓɓen ganyen da na kwaso ƙarƙashin tsamiya, da ɓarɓashin gawayi, na ajiye ta a inuwar darbejiyar tsakar gida. Da rani ganyenta kan bushe ƙamas, ka rantse ta mutu, kuma a lokacin ko ɗigon ruwa ba ta so. Sai hadarin farko ya taso, kara ɗaya ya ɓullo tun kafin ganye, ya jera furanni masu ruwan hoda da shunayya. Mako uku take yi tana fure. Saboda makon nan uku nake gadin tukunyar sauran shekara, ina korar kaji, ina duba gara.

To, mutanen unguwa ba su yarda mutum mai hankali zai yi gadin busasshiyar ƙasa saboda fure ba. A wurinmu saiwar da aka dasa a tukunya aka hana kowa taɓawa suna ɗaya gare ta: gadali, irin wanda ake renonsa don asiri. Ga shi kuma shekarun nan hanyar Isa ta lalace, ana tare mutane, ni kuwa ina bi ina dawowa lafiya. Sai magana ta bazu cewa malamin gona yana da gadalin ɓata, in ya hau hanya ba a ganinsa. Na yi ta rantsuwa cewa fure ne kawai, amma rantsuwar ce ma ta ƙara tabbatar musu.

Maƙwabcina ɗan kasuwa ne, yana kai kaya Nijar yana kawowa. Tare muka gina gidajenmu, har muka bar ƙaramar ƙofa a katangar da ke tsakani don iyalinmu su riƙa zirga-zirga. Wata rana muna shan shayi gindin darbejiya ya dubi tukunyar ya yi dariya.

"Malam, ba za ka tsaga min ɗan yanki ba? Ni ma hwa hanya nika bi."

"Alhaji, har kai? Hure ne, wallahi."

"To, in hure ne mi za ka rasa in ka ba ni?"

Na ce in aka yanke ta ba lokacinta ba ruɓewa take. Ya ce wasa yake yi, muka ci gaba da hira. Amma ni na ajiye maganar a raina.

Da ranin shekarar, na kau da ƙasar sama a hankali don in duba ko gara ta shiga, sai na ga an yanke gefen saiwa ɗaya. Na san cin ɓera, yana barin tabon haƙori. Wannan yankan wuƙa ne, sumul, an kuma mayar da ƙasa an daddale. Na tambayi matata wa ya shigo gidan. Ta ce ita ba ta ga kowa ba, ta ci gaba da tankaɗe. Bayan wata guda aka sake yanka wata.

Sai na yi dabarar da kakata kan yi wa ɓarawon ƙwai. Ranar Litinin da sassafe, kafin in tafi, na barbaɗa toka siririya kewaye da tukunyar, na ce wa matata maganin gara ne. Ranar Alhamis na dawo, ko jakata ban ajiye ba na nufi gindin darbejiya. Ga sawun kaji, ga kuma sawu ɗaya babba na takalmin roba na maza, mai zanen ƙashin kifi a tafinsa. Na san takalmin. Maƙwabcina ne ya sayo shi daga Nijar, ƙafa biyu iri ɗaya, ya ba ni ɗaya ya riƙe ɗaya. Nawa yana nan bakin makewayi inda na bar shi. Na duba saiwa, an yi yanka na uku.

Raina ya ɓaci sosai. Ba saiwar ce ta fi ƙona ni ba, a'a, tunanin mutumin da muke cin tuwo kwano ɗaya yana jiran in bar gari ya lallaɓo cikin gidana. Na shiga tono tsofaffin abubuwa ina ba su sabuwar fassara. Me ya sa kullum yake tambayar ranar da za ni dawo? Me ya sa ya daina kallon tukunyar in ya zo, shi da a da sai ya yi mata ba'a? In ya gaishe ni da fara'a in ce borin kunya ne, in ya yi shiru in ce ya tsargu.

Ban tunkare shi ba. Na koma habaici a majalisa, ina cewa ɓarawon gida ya fi na daji, wai kowa ya ga an kai masa wuƙa ya dubi na kusa da shi. Mutane suna dariya, shi yana jan carbi. Da na ga bai tanka ba, sai na kira magini ya toshe ƙofar nan ta tsakani da tubali. Matata ta tsaya bakin ɗaki tana kallo, ta ce, "Malam, kada ka yi abin da za ka yi da-na-sani." Na ce mata in bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Maƙwabcina yana daga can ɓangaren yana jin ƙarar cokalin magini, bai leƙo ba.

Muka yi wata huɗu sai gaisuwar masallaci. Damina ta faɗi, okid ta yi fure, karan bai kai na bara ba, na zauna ina kallonsa ni kaɗai.

Wata Talata a Isa, kujerar babur ɗina ta yage, na kai wa mai gyara. Da ya ɗaye ledar sai ga ƙulli uku ƙanana an cusa cikin soso, an naɗe da zare tam. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, irin na wanda ba ya son shiga sirrin mutane. Na kwance ɗaya. Busasshen yankin saiwata ne. Ƙyallen da aka naɗe shi kuwa na tsohon zanen matata ne, shuɗi mai ɗigon fari, ni na saya mata. A nan na tuna in za ta share tsakar gida takalmina take zurawa, ta mayar inda ta ɗauka.

Da na koma gida na ajiye ƙullin a gabanta. Ta dube su, hawaye ya zubo mata.

"Kowa na cewa shi ka tsare ka. Na ce in gaskiya ne, mi amfaninshi cikin tukunya kai kana kan hanya? Duk Litinin in ka hita ba ni iya cin abinci."

Kunya ta rufe ni, da tausayinta, da haushin kaina.

Bayan la'asar na zagaya ta ƙofar waje na yi sallama da maƙwabcina. Ya fito ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya saurara har na gama.

"Na sani," in ji shi. "Na gan ta tun yankan farko, ina gyaran rufin ɗaki."

"Ka sani, Alhaji, kab bar ni ina ta zubar da mutuncina?"

"In na hwaɗi, kai da na sani, hwaɗa za ka yi mata ka zubar da abin. Ita kuwa da shi taka samun barci. Na ce bari in ɗauki zargin, Malam zai zo shi tambaye ni, in san yadda niy yi da shi. Ba ka zo ba."

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Sai na ce gobe da safe za ni kira magini ya fasa tubalin nan. Ya dubi tabarma.

"Bar shi, Malam," ya ce. "Na riga na jera buhunnan kaya jikin wurin, ba ni da inda za ni kai su."

Ɗakin ajiyarsa yana nan bayansa a buɗe, ina hango cikinsa daga inda nake zaune, babu komai sai tsintsiya.