Ranar da Na Cinna wa Dawar Alhaji Tsalha Wuta

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina kashe wuta, yawancin gobarar duk ta cakuɗe mini a kai, amma ban taɓa mantawa da ranar da ni da hannuna na cinna ta a gonar mutum ba. Tunda kun ce in ba ku labarin dabarun aiki, ku gyara zama. In kun ji abin da babu shi a littafin da aka koyar da ku, kada ku ce a bakina kuka ji.

A lokacin ni ne shugaban tawaga a wani ƙaramin ofishin kashe gobara da ke kula da yankin Tudun Wada har zuwa Doguwa. Ga wanda bai san aikin ba, shugaban tawaga shi ne mai zama gaban mota kusa da direba. Shi ke faɗin inda za a tsaya, inda za a sa ruwa, da lokacin da za a ranta a na kare. In an yi nasara, tawaga ce ta yi ƙoƙari. In an yi ɓarna, sunansa kaɗai ake rubutawa. Mu shida ne, motarmu ɗaya, direbanmu Isiyaku.

Wata ranar Laraba bayan kaka, wani babban jami'i ya zo daga Kano duba ofishinmu. Yallaɓai Garba ake kiransa, kafaɗa cike da anini, tumbi a gaba, farar riga ta sha guga. Ya jera mu a rana yana duba takalma da maɓallai, sai waya ta yi ƙara. Mai garin wani ƙauye ne da ke bakin dajin Falgore. Ya ce wutar daji ta taso tun hantsi, ta fi ƙarfinsu, kuma garin take nufa. Yallaɓai ya ce zai bi mu ya ga yadda muke aiki. Isiyaku ya dube ni, na dubi sama.

Akwai ƙa'ida a nan da ya kamata ku riƙe. A wurin gobara mutum ɗaya ne ke ba da umarni. In wanda ya fi ka muƙami yana wurin, ko dai ya ce da bakinsa ya karɓi jagoranci, ko ya bar maka. Don haka tun a hanya na tambaye shi.

"Yallaɓai, za ka karɓa ne?"

Ya leƙa taga ya hango hayaƙi ya tokare sama. Ya ce, "Ci gaba, Sabi'u. Ni ina lura."

Muna isa jama'a suka yanyame motar, kowa na nuna inda za a fesa, kuma kowa wajen gidansa yake nunawa. Na ce kada wanda ya taɓa mesa. Na hau saman mota na tsaya ina kallo. Wannan tsayuwar ita ce aikinka na farko, kuma a kanta ake fara zaginka. Na ji wani yana cewa, "Ga su can, sun zo kallo da jiniya."

Abin da na gani shi ne: wuta na tahowa daga gabas cikin busasshiyar ciyawa, faɗinta ya fi filin ƙwallo uku, iska na korar ta. A gabanta akwai wata babbar gonar dawa, ta nuna ta bushe, ba a yanke ba. Bayan gonar akwai burtali, wato hanyar shanu. Daga burtalin sai masussuka, inda garin gaba ɗaya ya jibge dammunan hatsin bana, sannan rumbuna da ɗakunan ciyawa. Ruwan tankinmu kuwa, in aka buɗe mesa biyu, bai kai mutum ya ci tuwo ya wanke hannu ba ya ƙare. Rafi mafi kusa ya ƙafe. In na zuba ruwan nan a gaban wutar, daidai yake da tofa yawu a murhu.

Ina saukowa wani dattijo Bafulatani ya tare ni, sanda a kafaɗa. Ardo Manu ne, rugarsa na arewacin garin. Muka gaisa a gurguje, na yi masa sannu da wannan rana.

Ya ce, "Ɗana, ruwanka nawa?"

Na ce, "Baffa, na alwala ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To wuta ba ta cin inda wuta ta ci. Mu haka muke yi wa ruga duk shekara. Ka kunna daga bakin burtali, ta bi gonar nan ta tarye ta."

Na san dabarar, an koya mana a allo, amma ban taɓa yi ba. Ana kunna ƙaramar wuta a bakin wani fili da babu abin ci, ta riƙa komawa baya a hankali tana fuskantar iska. In babbar ta iso sai ta tarar da toka, ta mutu da yunwa. Na tambaye shi ko burtalin kaɗai ba zai tare ta ba.

Ardo ya yi murmushi. Ya ce, "Da yana nan yadda iyayenmu suka bar shi, da ya tare. A da garke guda ke wucewa kafaɗa da kafaɗa. Yanzu ko jaki sai ya karkace. Tambayi mai gonar inda sauran ya tafi."

Mai gonar kuwa ga shi nan tafe, an goyo shi a babur, babbar riga na kaɗawa. Alhaji Tsalha ke nan, mai sayen hatsi a kasuwannin yankin. Tun kafin ya sauka yake cewa a kai mota gabas da gonarsa. Na gaishe shi da ladabi, na yi masa bayani: gonar nan ta riga ta tafi, ko na kunna ko ban kunna ba. Bambancin kawai, in wutar daji ce ta cinye ta da gudunta, za ta tsallake burtali ta ci abincin gari.

Ya ce, "Kai malam, wuta aka ɗauke ka ka kashe ko ka hura? Ka san wanda kake magana da shi?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Akwai mutum a cikin gonar?"

"Ka taɓa min kara ɗaya ka gani."

"Alhaji, akwai mutum a ciki?"

"Babu kowa, amma wallahi sai na ga bayan kakin nan naka."

Lokaci na tafiya, shi kuma ya tsaya a bakin burtalin ya buɗe hannuwa. Sai na tuna da Yallaɓai, wanda ke tsaye a inuwar mota yana lura. Na je na ƙame masa.

Na ce, "Yallaɓai, akwai aikin da sai mai anini irin naka. Alhajin can yana son babban mutum ya saurare shi."

Ya dube ni. Ina tsammanin zai ce na raina shi. Sai ya gyara hula, ya ciro ɗan littafi da biro, ya tafi da tafiyar nan tasu ta manya. Ya kama hannun Alhaji ya ja shi ƙarƙashin wata ɗorawa, ya ce ƙorafi irin wannan dole a rubuta shi a tsanake. Ya fara da cikakken suna, da sunan mahaifi, da na kaka. Ina jin sa yana cewa, "Yaya ake rubuta Tsalha? Maimaita min." A duk shekarun aikina ban ga inda tumbi da anini suka yi amfani kamar ranar ba.

Na raba aiki. Mai gari ya jera mazan garin a gefen masussuka da ɗanyen ganye da fartanya, na ce duk tartsatsin da ya faɗo a kashe shi nan take. Mata suka kwashe yara da tsofaffi zuwa yammacin gari. Isiyaku ya juya motar ta fuskanci hanyar fita, don mota ba ta shiga wurin wuta da kai. Ma'aikatana biyu suka riƙe mesa, da sharaɗin ba za su buɗe ba sai sun ji daga bakina. Ni da Ardo muka ɗaure ciyawa a sanda, na yi bisimilla na ƙyasta ashana.

Muka bi bakin gonar muna dangwala wuta, ita kuma tana ci a hankali tana shiga ciki. Mun yi kamar rabi sai na ji muryar wata tsohuwa a bayana, ɗauke da ƙwaryar fura.

Ta ce, "Ofisa, ina Malam Ɗanjuma? Ya fito?"

Na ce, "Wane ne Malam Ɗanjuma, Inna?"

"Mijina. Shi ke gadin gonar. Bukkarsa na tsakiya. Kunnensa ya yi nauyi, kuma da rana barci yake."

Ban san sanda sandar wutar ta faɗi daga hannuna ba. Ga wutar daji ta gabas, ga tawa ta yamma, tsoho na tsakani, kuma rabin abin da ke neman ransa ni na kunna. Na tambayi mutum ɗaya, na yarda da amsarsa saboda ita nake son ji.

Har yanzu gefen kudu bai kama ba. Na ce wa Isiyaku ya matso da mota can, na sa aka buɗe mesa ɗaya aka jiƙa ni sharkaf, aka jiƙa bargo. Na ce su riƙa feshi sama da kaina iya inda ruwan ke kaiwa. Ardo ya ce shi ya san inda bukkar take, ya shiga gaba bai jira izinina ba. Dawar ta fi mu tsawo, hayaƙi ya cika ta, ba ka jin komai sai ƙarar kara na fashewa. Ina bin farar rigar Ardo kawai, ina karanto duk addu'ar da na iya har da ta shiga kasuwa.

Muka same shi kwance a kan tabarma, ya lulluɓe fuska da rawani. Na girgiza shi. Ya buɗe ido ya gan ni da hular kwano, fuska baƙi ƙirin, ya fara salati, don ya zaci an zo tafiya da shi ne. Na rufa masa bargo na saɓa shi a kafaɗa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A hanyar fita wani harshen wuta ya lashe ni ta hagu, ya tafi da gira ɗaya da rabin gashin baki. Muna fitowa na sauke shi, matarsa ta durƙusa tana taɓa fuskarsa. Abin da ya fara faɗa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, shi ne wa zai koma ya ɗauko masa butarsa da takalmansa.

Babu lokacin dariya. Ardo ya ɗauki wata sandar ya ƙarasa kunna gefen da ya rage. Da babbar wutar ta matso sai ta fara zuƙar iska, ta jawo tamu da gudu, suka haɗu a tsakiyar gonar da wata irin ƙara, harshe ya tashi ya fi ɗorawa tsawo. Tartsatsi ya yi ta zubowa a masussuka, mutane na bin sa da ganye. Rufin rumbu biyu ya kama, da tarin dammuna ɗaya. A nan ne na ce a buɗe ruwa. Abin da ya rage a tanki ya kashe su, ya ƙare daidai da ƙarewarsu. Kafin la'asar babu abin da ke gabas da burtali sai toka, garin kuma ko ɗaki ɗaya bai rasa ba. Wanda ya ce mun zo kallo shi ya kawo mini ruwan sha, bai dubi idona ba.

Alhaji Tsalha ya cika alkawari, ya kai ƙara. Bayan mako biyu aka kira ni Kano gaban manya uku. Yallaɓai Garba ya zo shaida da ɗan littafinsa. Ashe bayan sunan kaka ya rubuta komai: inda iska ke kaɗawa, abin da Ardo ya ce, da cewa an tambayi Alhaji ko akwai mutum a gona ya ce babu. Na fara jin daɗi, sai ya juya shafi ya karanta cewa shugaban tawaga ya kunna wuta bai aika kowa ya duba gonar ba. Gaskiya ya faɗa. Aka ba ni takarda biyu a ambulan ɗaya, ta yabo da ta gargaɗi. Alhaji kuwa mai gari ya sa kowane gida ya kai masa dami, ya karɓa yana ɗaure fuska. Malam Ɗanjuma bai koma gadin ba.

To ku da kuka shigo aikin nan jiya, ga abin da na tsinta. Za ku isa wuri kowa na ihu, kowa na da abin da yake so ku ceto masa, kuma ba za ku iya ceton duka ba. Dole ku zaɓi abin da za ku bar wa wuta, ku zaɓa da wuri, ku jure zagin. Ku nemi tsohon da ya daɗe a wurin, ya fi ku sanin iskar garinsu. Babban da ya biyo ku, ku samo masa aikin da ya dace da girmansa. Amma batun ko akwai mutum a ciki, kada ku tsaya a kan maganar mai dukiya. Shi buhunansa yake gani. Ku tambayi matar da ke kai abinci, sannan ku aika mutum ya leƙa da idonsa.