Abin da Kakata Take Faɗa wa Dutse

Ƙamshin garin gero mai ɗumi, wanda aka sauko da shi daga inji yanzun nan, shi ke mayar da ni garinmu Mawashi ko ban shirya ba. Ina tsoma hannu cikin robar sai in gan ni a tsakar gidanmu, ina 'yar ƙarama, ƙafa duk ƙura.

Kakata, mahaifiyar babanmu, a kan dutse take niƙa. A gindin rumbu dutsen yake, tsakiyarsa ta lotsa saboda daɗewa. Bayan girbi, idan sabon gero ya shigo gida, da hantsi za ka same ta durƙushe, ta ɗaure zani a ƙirji, tana tura ɗan dutsen tana jawowa, tana waƙa. Ƙasa-ƙasa take yin ta, can cikin maƙogwaro. Ba ka kama kalma sosai, sai dai muryar tana hawa tana sauka tare da dutsen. Mu yara ina ruwanmu da abin da take faɗa? Daɗi kawai muke ji, muna lasar gari a gefen ƙwarya tana kore mu.

Sai injin niƙa ya zo Kusada, daga baya ya iso har garinmu. Matan gida suka huta. Dutse ya zama wurin hawan kaji, waƙa kuma ta ɗauke, ba wanda ya lura da ranar da ta ɗauke.

Ƙanen babanmu ne ya lura. Yana koyarwa a Kankiya, mutum ne mai son kayan zamani. Wani hutu ya zo da rikoda, ya sa aka shimfiɗa wa tsohuwa tabarma, ya ce, "Inna, ki yi mana waƙar niƙa in ɗauka, kada ta ɓace." Ya danna, muka yi tsit. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa. Can ta ja tsaki.

"Kai ɗan nan, mi zan ce ma akwati? Waƙar ba ta zowa hakanan. In kuna so ku wanke dutsen."

Aka wanke, aka surfa gero, ta durƙusa da ƙyar. Tana fara turawa kuwa waƙar ta zo. Shi kuma bawan Allah, don zumuɗi, ya ajiye rikodar dab da dutsen. Da aka kunna, gurzar dutse ce ta cika kaset ɗin, muryarta na can baya kamar daga gidan maƙwabta. Ya so a sake, ta ce bayanta ba na haya ba ne. Ba ta ƙara hawa dutsen ba har ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Kaset ɗin a hannuna ya ƙare. Shekara da shekaru ina jin sa, ina cin buri wata rana in kama kalmomin in koya wa 'ya'yana. Kai, na dame su. Kullum ina ce musu zamaninsu ba shi da waƙa sai latsa waya, inji ya cinye mana abin da ba za mu sake samu ba. Har gajiya suka yi da ni, ni ma na gaji da kaina.

Bara babbar ɗiyata, mai aiki da kwamfuta, ta ce, "Mama, yanzu fa akwai manhajar da ke raba murya da hayaniya. Kawo in gwada." Ta juye kaset ɗin a waya, ta cire ƙarar dutsen, ta miƙo mini.

Wayyo. Da ƙarar dutse ta fita, tsohuwa ce kawai na ji tana haki. Kalmomin kuwa suka fito tar. Bayanta take kuka da shi, da gwiwoyin da suka yi kanta. Tana ambaton uwarta da uwar uwarta, yadda duk suka tsufa a duƙe. Baitin da take ta maimaitawa, wanda muka fi so muna yara, roƙon Allah ne, kada jikokinta mata su durƙusa gaban dutsen nan.

Na daɗe zaune ina kallon tafin hannuna, ba kanta ko ɗaya. Ashe Allah ya amsa mata, ni ce jikar. Abin da na yi shekaru ina makoki a kai, ita shi take roƙon a raba mu da shi. To da me mutum zai ji? Waƙar tana da daɗi, wallahi tana da daɗi, amma ba ta fitowa sai baya yana ciwo, kuma ba ni da bakin cewa wata ta sake durƙusawa don kunnena ya ji daɗi.

Ɗiyata ta ce, "In mayar da ƙarar dutsen, Mama?"

Na ce ta mayar. Daɗin ya dawo yadda na san shi. Sai dai yanzu ko dutsen yana gurza ina jin abin da take cewa, kuma tun ranar ban iya sauraron ta har ƙarshe ba.